Horar da 'Yan Sama Jannati da Matsayin Makarantun Tuƙin Jirgi na Kaduna

1.0 Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Afrilu, 1961, Yuri Gagarin na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ya zama mutum na farko da ya fita sararin samaniya, inda ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Kafin wannan rana, Gagarin hafsan sojan sama ne, matuƙin jirgin yaƙi. Haka nan mutum bakwai na farko da Amurka ta zaɓa domin wannan aiki a shekarar 1959, dukkansu matuƙan jiragen soja ne. Wannan ya nuna cewa hanyar zuwa sararin samaniya daga ƙasa take farawa, wato daga makarantar koyon tuƙin jirgi da asibitin duba lafiyar matuƙa da wurin gyaran inji.

A wannan babi za a yi bayanin irin horon da ake bai wa ɗan sama jannati, da kayayyakin da horon yake buƙata, da dalilin da ya sa gwamnatoci ne suke ɗaukar nauyin gina su da sabunta su. Daga nan za a dubi cibiyoyin da suke arewacin garin Kaduna, waɗanda su ne suka fi kusa da wannan fage a Nijeriya, domin a ga abin da tarihinsu yake koyarwa game da yadda ya kamata a kashe kuɗin jama'a.

2.0 Wane ne Ɗan Sama Jannati?

Ɗan sama jannati shi ne mutumin da aka horar domin ya yi tafiya ko aiki a cikin kumbo, a can inda iskar duniya ta ƙare. Yawancin masana suna ɗaukar nisan kilomita 100 daga doron ƙasa a matsayin iyakar da sararin samaniya ya fara. Wannan nisa bai fi na Kaduna zuwa Zariya da yawa ba, sai dai shi a tsaye yake. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa tana shawagi ne a nisan kimanin kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, tana kewaya duniya cikin kamar minti 90. Saboda haka mazaunanta sukan ga fitowar rana da faɗuwarta har sau 16 a kwana ɗaya.

Jikin ɗan'adam bai saba da irin wannan hali ba. Akwai matsaloli uku manya da yake fuskanta. Ta farko ita ce ƙaruwar nauyi a lokacin tashin roka da lokacin dawowa, inda mutum mai nauyin kilo 70 zai iya jin kamar ya kai kilo 280. Ta biyu ita ce rashin nauyi bayan an isa, wanda yake jawo jiri da tashin zuciya a kwanakin farko, sa'annan raunin tsoka da ƙashi idan zaman ya yi tsawo. Ta uku ita ce rashin iskar shaƙa, domin kuwa ko matuƙin jirgin sama da ya haura mita 3,000 yana buƙatar ƙarin iska idan ɗakinsa ba a toshe yake ba. Wannan ne ya sa horon share fage kaɗai a hukumar NASA ta Amurka yake cin kimanin shekara biyu, kafin a soma shirya mutum domin wata tafiya ta musamman.

3.0 Kayayyakin Horo

Tun da ba a iya kai ɗalibi sararin samaniya domin ya koya, sai aka ƙirƙiro hanyoyin kwaikwayon yanayin a nan ƙasa. Muhimmai daga cikinsu su ne:

(a) Na'urar majaujawa. Wannan wani dogon hannun ƙarfe ne mai ɗan ɗaki a ƙarshensa, wanda ake juyawa da ƙarfi domin wanda yake ciki ya ji ƙaruwar nauyi. Wadda take cibiyar Gagarin, kusa da birnin Masko, tsawon hannunta mita 18 ne. Matuƙan jiragen yaƙi ma suna amfani da irinta, domin idan jirgi ya yi kwana da gudu jini yakan gangara ƙafafu, gani ya dushe, har a suma. A cikin majaujawa ake koyon yadda za a ɗaure tsoka da sarrafa numfashi don hana faruwar haka.

(b) Kwamin ruwa. A cikin ruwa ake koyon aiki a wajen kumbo, saboda ana iya daidaita rigar ɗalibi yadda ba zai nutse ba, ba kuma zai taso ba. Kwamin da yake birnin Houston, wanda aka buɗe a 1997, tsawonsa kimanin mita 62 ne, faɗinsa 31, zurfinsa 12, yana kuma cin ruwa fiye da lita miliyan 23. Ɗalibi yakan yi kusan sa'a shida a ciki a zama ɗaya.

(c) Jirgin rashin nauyi. Wani jirgi ne da yake haurawa sama da ƙarfi sa'annan ya sako kai, a tsakanin nan mutanen ciki su yi ta yawo a iska na daƙiƙa 20 zuwa 25. A shekarar 2006 wata ɗaliba 'yar Nijeriya, Stella Felix, ta shiga irin wannan jirgi a Amurka.

(d) Ɗakin rage iska, inda ake zuƙe iska sannu a hankali domin ɗalibi ya gane alamomin ƙarancinta a jikinsa tun kafin hankalinsa ya gushe.

(e) Na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda take da siffar ɗakin matuƙi sak, kwamfuta tana jefo wa ɗalibi matsaloli iri-iri, kamar gobara ko mutuwar inji, ba tare da an sa ransa cikin haɗari ba.

(f) Jiragen horo na gaske. Har yanzu 'yan sama jannatin Amurka suna tashi da ƙananan jiragen T-38, domin a cikin jirgi na gaske ne mutum yake sabawa da yanke shawara cikin hanzari alhali ya san kuskure yana iya halaka shi.

Idan aka lura, uku daga cikin waɗannan, wato ɗakin rage iska da na'urar kwaikwayo da jiragen horo, kayan aikin makarantar tuƙi ne na yau da kullum. Majaujawa ma tana yi wa ɓangarorin biyu aiki.

4.0 Dalilin Sa Hannun Gwamnati

Waɗannan kayayyaki suna da tsada ƙwarai, ribarsu kuma ba ta fitowa da wuri, shi ya sa da wuya ɗan kasuwa ya gina su da kuɗinsa. Bayan haka, sayen na'ura rabin aiki ne. Kwamin ruwa yana buƙatar famfunan tacewa da masu ninƙaya da likitoci, na'urar kwaikwayo tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da sanyaya ɗaki da sabunta manhaja, jirgi kuma yana buƙatar kayan gyara da kanikawa masu takardar shaida. Duk ranar da aka tsayar da kuɗin waɗannan, to na'urar ta zama kwalliya.

Hatta ƙasashe masu ƙarfi ba su tsira daga wannan matsala ba. An kafa cibiyar Houston a 1961, aka soma aiki a gine-ginenta a farkon shekarun 1960. Wani rahoto da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gine-ginen NASA sun wuce shekarun da aka tsara za su yi. A watan Yulin 2025 aka sa hannu a kan wata doka da ta ware dala miliyan 300 domin gyara da sabunta cibiyar Houston, da dala miliyan 250 domin cibiyar harba roka ta Kennedy. Kafin nan, a 2023, majalisar dokokin jihar Texas ta ware dala miliyan 200 domin gina wata cibiyar bincike ta jami'a a kusa da ta Houston. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata a 1969 ita ce take neman kuɗin gyaran rufi da bututu da wayoyin wuta. Gini ba ya sanin darajar mai shi, idan an bar shi sai ya tsufa.

5.0 Cibiyoyin Arewacin Kaduna

Wanda ya tsaya a Kawo ko Mando da safe a lokacin da gari ya yi garau, yakan ji rurin ƙananan jirage suna kewaya unguwa. Daga barikin sojan sama na Kaduna suke tashi, ɗalibai ne kuma a cikinsu tare da malamansu.

5.1 Mafari

Shekarar 1964 tana da muhimmanci a tarihin sufurin sama na Nijeriya. A watan Fabrairu aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wato NDA, a Kaduna, tare da taimakon hafsoshin Indiya. A watan Afrilu aka yi dokar kafa rundunar sojan sama, da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A wannan shekara kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen farar hula ta Zariya, da haɗin guiwar Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin a sami waɗannan, ƙasashen Habasha da Kanada da Indiya ake aika matasa su koyo tuƙi. Wato ke nan cibiyoyin Kaduna da Zariya kusan sa'o'in cibiyar Houston ne a shekaru.

5.2 Makarantar Tuƙi ta 401

A wannan makaranta, wadda a da ake kira ta 301, matuƙin soja yake fara ɗaga ƙafa daga ƙasa. Bayan ya gama karatu a NDA, wadda mazauninta na dindindin yake Afaka, sai a duba lafiyarsa da kyau: ido da kunne da zuciya da huhu. Idan ya tsallake, sai ya yi darussan ƙasa a kan yanayi da taswira da aikin inji, sa'annan ya fara tashi da malami, har ranar da za a bar shi ya tashi shi kaɗai. Wanda aka zaɓa domin jirgin yaƙi yakan wuce makaranta ta 403 a Kano, inda ake koyo da jiragen L-39. A 2017 aka raba rundunar horaswa gida biyu, aka bar hedkwatar horon sama a Kaduna, ta horon ƙasa kuma aka kai Inugu.

Tarihin jiragen wannan makaranta darasi ne mai zaman kansa. An fara da jiragen da aka kawo daga Jamus, daga baya aka koma ga jiragen Bulldog na Birtaniya. A ƙarshen shekarun 1980 aka fito da jirgin Air Beetle, wanda aka samo tsarinsa daga wani ƙaramin jirgin Amurka, aka kuma harhaɗa guda 60 a nan Kaduna. Wannan babban abin alfahari ne a lokacinsa. Amma da shekaru suka ja, jiragen suka tsufa, yawancinsu suka daina tashi, ba a kuma fito da magajinsu na gida ba. A 2016 gwamnati ta ƙulla cinikin jiragen Super Mushshak guda 10 daga Fakistan, aka gama kawo su a 2018. Ƙananan jirage ne masu farfela ɗaya, inda malami da ɗalibi suke zama kafaɗa da kafaɗa. Sayen ya farfaɗo da horo, amma ya nuna cewa ƙwarewar harhaɗa jirgi da aka samu ba ta ɗore ba, saboda ba a ci gaba da ciyar da ita ba.

5.3 Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama

A cikin barikin kuma akwai cibiyar AFIT, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar kanikawa da masu kula da kaya, ta sami sunanta na yanzu a 2008, sa'annan ta fara ba da digiri a 2018. Tana karɓar ɗalibai farar hula, tana kuma koyar da injiniyancin jirage da sararin samaniya. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, da wani mai suna Tsaigumi a watan Fabrairun 2018, wanda injiniyoyin rundunar suka ƙera tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Muhimmancin irin wannan makaranta a fili yake, domin a bayan kowane mutum ɗaya da ya hau kumbo akwai ɗaruruwan injiniyoyi da kanikawa da likitoci waɗanda ba za su taɓa barin ƙasa ba.

6.0 Burin Nijeriya na Aika Mutum Sararin Samaniya

An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumban 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. A 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1 daga ƙasar Sin, wanda ya lalace a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan samar da wuta daga rana, aka maye gurbinsa a 2011. A cikin tsarin shekara 25 da aka yi wa hukumar, an sa 2015 a matsayin shekarar da za a samar da ɗan sama jannati ɗan Nijeriya. Shekarar ta zo ta wuce. A 2016 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ambaci shekarar 2030. A watan Disambar 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda ta tsara ƙa'idojin haɗin kai wajen binciken duniyar wata. A watan Yunin 2024 kuma NASRDA ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai suna SERA domin samar wa ɗan Nijeriya kujera a kumbon New Shepard.

A ranar 29 ga Yuni, 2025, wani lauya haifaffen Nijeriya, Owolabi Salis, ya hau wannan kumbo a ƙashin kansa, ba a ƙarƙashin shirin gwamnati ba. Ya kamata a fahimci bambancin da yake tsakanin irin wannan tafiya da aikin ɗan sama jannati. Kumbon New Shepard yana haura kilomita 100 ne ya dawo cikin kimanin minti 10, kwamfuta ce take tuƙa shi, horon fasinjojinsa kuma 'yan kwanaki ne. Wanda zai zauna a tasha wata shida yana gyara da bincike kuwa, shi ne yake buƙatar shekaru na horo da dukkan kayayyakin da aka lissafa a baya.

7.0 Ina Ya Kamata Kuɗi Ya Fara Shiga?

Akwai masu ganin cewa ƙasar da take fama da ƙarancin ajujuwa da asibitoci da matsalar tsaro ba ta da hurumin maganar sararin samaniya. Wannan magana tana da ƙarfi, domin naira ɗaya ba ta yin aiki biyu. Sai dai misalin wasu ƙasashe ya nuna cewa ba dole ne a gina komai a lokaci guda ba.

Indiya ta fara aika mutum ne a 1984, lokacin da matuƙin sojan samanta Rakesh Sharma ya hau kumbon Sobiyet. Sai a 2018 ta amince da kashe rufi biliyan 100 a kan shirin kumbonta na Gaganyaan. Mutum huɗu da ta zaɓa duk matuƙan sojan sama ne, cibiyar likitancin rundunar da take Bengaluru ce ta tantance su, a 2020 aka tura su Rasha, suka dawo suka ci gaba da horo a gida. Ɗaya daga cikinsu, Shubhanshu Shukla, ya isa tashar ƙasa da ƙasa a watan Yunin 2025. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma matuƙin jirgin yaƙi, Hazza al-Mansuri, ta aika a 2019, bayan ya sami horo a Rasha. Dukkan ƙasashen biyu sun yi hayar manyan kayayyakin horo a waje, amma mutanen da suka tura amfanin makarantunsu na tuƙi ne.

Bisa ga wannan, ana iya jera matakan da suka dace da Nijeriya kamar haka. Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa jiragen horo na Kaduna da Kano da Zariya suna tashi kullum, wato a ware kuɗin kayan gyara da mai da horar da kanikawa tun ranar da aka sayi jirgi. Na biyu shi ne ƙara na'urorin kwaikwayon tuƙi tare da wutar da za ta riƙe su. Amfaninsu a wannan yanki babba ne, domin a lokacin hunturu hazo yakan rufe gari har a dakatar da tashin ɗalibai, alhali na'ura ba ruwanta da hazo. Na uku shi ne ƙarfafa likitancin matuƙa da kayan gwajinsa, domin kowane matuƙi da aka duba ko aka horar a gida ya rage wa ƙasa kashe kuɗin waje. Na huɗu shi ne haɗa kan hukumomi, tun da rundunar sama tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, makarantar Zariya tana ƙarƙashin ta sufurin sama, NASRDA kuma tana ƙarƙashin ta kimiyya da fasaha, kowace da kasafinta. Manyan kayayyaki irin su kwamin ruwa kuwa, ana iya yin hayarsu a ƙasashen da suke da su har zuwa lokacin da buƙata za ta kai a gina.

Fa'idar wannan jeri ita ce, ko da shekarar 2030 ta wuce ba a aika kowa ba, kuɗin bai salwanta ba. Matuƙan da aka horar su ne za su yi sintiri a dazuzzuka, su kai agaji wuraren da ambaliya ta yanke, su yi jigilar alhazai. Injiniyoyin kuma su ne za su kula da jirage da taurarin da manoma da masu hasashen yanayi suke amfana da su.

8.0 Kammalawa

An ga cewa a ƙasa ake shirya ɗan sama jannati, ta hanyar kayayyaki masu tsada waɗanda galibi gwamnati ce take ɗaukar nauyinsu, kuma waɗanda suke tsufa idan ba a kula da su ba, a Houston ne ko a Kaduna. An kuma ga cewa tun 1964 arewacin Kaduna yake riƙe da matakan farko na wannan tsani: makarantar hafsoshi da makarantar tuƙi da makarantar injiniyoyi. Labarin Air Beetle da na wa'adin 2015 sun nuna cewa sanar da buri da sayen sabon kaya sun fi sauƙi a kan riƙe su shekara da shekaru. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Ma'aunin da za a auna shirin Nijeriya da shi, shi ne yawan jiragen da suke iya tashi a makarantar 401 kowace safiya, da yawan ɗaliban da suke fita daga cikinta a kan lokaci.

Tambayoyin Bita

1. Kawo matsaloli uku da jikin ɗan'adam yake fuskanta a tafiyar sararin samaniya, tare da kayan horon da ya dace da kowace.
2. Me ya sa aka ce sayen na'ura rabin aiki ne? Kafa hujja da misali ɗaya daga Amurka da ɗaya daga Kaduna.
3. Bayyana muhimmancin shekarar 1964 a tarihin sufurin sama na Nijeriya.
4. Wane darasi Nijeriya za ta koya daga hanyar da Indiya ta bi?